Masu Gyaran Jiya: Bayani Game da Labaran Tafiya Cikin Zamani

A cikin adabin Turawa akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda a ke ginawa bisa ilmin kimiyya, watau marubuci ya ɗauki wani abu da masana suka gano, ko su ke zato, ya ja shi har iyakar inda hankali ya tsaya, domin ya ga abin da zai haifar wa 'yan Adam. A Hausa ma an taɓa irin wannan, domin littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na shekarar 1969, daga wannan gida ya fito, sai dai shi tafiyarsa cikin sararin samaniya a ka yi ta. Abin da mu ke nufin dubawa a wannan takarda kashi ɗaya ne daga reshen, shi ne labaran da a ke tafiya cikin zamani, gaba ko baya, da niyyar tsamo duniya daga halaka. Wanda ya bi su bi da bi zai ga abu biyu. Halakar da kowane marubuci ya ke tsoro ta zamaninsa ce, sa'an nan amincewa da mai gyaran ta yi ta raguwa daga littafi zuwa littafi.

H. G. Wells na Ingila shi ya share wannan hanya da littafinsa The Time Machine a shekarar 1895. Kafin shi an sha ba da labarin mutumin da ya yi barci ya farka bayan shekaru masu yawa, amma mai barci ba shi da linzami a hannu. Wells shi ya yaɗa tunanin na'ura wadda mutum zai hau, ya tuƙa, ya tsaya inda ya ga dama. Matafiyinsa ya sauka a shekara ta 802,701, ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu: Eloi, kyawawa marasa ƙarfi da wayo, suna zaune a bisa ƙasa, da Morlock masu zama cikin ramummuka suna lura da injuna, da dare kuma su fito su kama na bisa su ci. Duk wanda ya san tazarar da ke tsakanin masu dukiya da ma'aikatan masana'antu a Landan ta wancan lokaci ya san inda a ka dosa. Matafiyin bai ceci kowa ba. Shaida ne kawai, ya gani ya komo ya faɗa, yawancin masu sauraronsa kuwa ba su gaskata shi ba.

Mai gyara na sosai sai a littafin L. Sprague de Camp na Amurka, Lest Darkness Fall, wanda ya fara fitowa a wata mujalla a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Wani masanin kayan tarihi, Martin Padway, yana cikin birnin Roma sai tsawa ta faɗi kusa da shi, ya tsinci kansa a shekara ta 535, gab da yaƙin da zai ragargaza Italiya. Da ya ke ya san abin da ke tafe, sai ya ɗaura ɗamarar hana shi. Abin sha'awa a nan shi ne irin makaman da ya zaɓa. Ya koya wa masu ba da rance lambobin lissafi na Indiya da Larabawa da tsarin ajiye littafin kuɗi, ya kafa maɗaba'a har da jarida, ya jera hasumiyoyi na aika saƙo da alama daga gari zuwa gari. Albarushi da agogo ya gwada, ba su yi masa ba. Hujjar marubucin ita ce, daula ta kan faɗi, amma muddin ilmi ya yaɗu a takardu dubbai, ba wutar da za ta cinye shi duka. Littafi ne mai daɗi, sai dai a lura, duhun da a ke maganar hanawa na yammacin Turai ne kurum. A cikin ƙarnukan nan da su ke kira na duhu ne Bagadaza da Ƙurɗuba suka cika da malamai da littattafai. Haka kuma de Camp bai tsaya ya tambayi wanda ya ba Padway izinin juya rayuwar al'umma guda ba.

Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan The End of Eternity na Isaac Asimov, wanda ya fito a 1955, kuma a ganinmu shi ne mafi zurfi a cikinsu. Asimov ya riga ya rubuta Foundation, inda wani masanin lissafi ya hango faɗuwar daular taurari, ya tsara yadda za a rage shekarun ruɗani daga 30,000 zuwa 1,000. A can mai tsarawa shi ne gwarzo. A wannan littafi kuwa marubucin ya juyo ya tuhumi irin gwarzon nasa. Ya ƙaga wata ƙungiya ta maza waɗanda a ka ɗebo daga ƙarnuka dabam dabam, suna zaune a wajen zamani, suna hawa da sauka cikinsa a wata na'ura da su ke kira buta. Aikinsu su auna da lissafi inda bala'i zai taso, yaƙi ne ko annoba, su nemi canji mafi ƙanƙanta da zai kawar da shi. Wani lokaci gusar da akwati ɗaya daga wannan kanta zuwa waccan ya isa ya sauya ƙarni guda. Mutanen da canjin ya shafa ba su sani ba, waɗansu halinsu ya kan sake, waɗansu ma ba a haife su ba sam.

Andrew Harlan yana cikin masu aiwatar da irin wannan canji, har ya kamu da son wata mace, Noys, wadda lissafi ya nuna za a shafe ta. Daga baya ta bayyana cewa daga can gaba ƙwarai ta fito, kuma mutanenta sun ga ƙarshen al'amarin. Masu gyara, saboda ƙin duk abin da ke da haɗari, sun yi ta toshe hanyar fita zuwa taurari, domin a lissafinsu ɓarnar dukiya ce da rai. Sa'ad da 'yan Adam suka fita daga bisani, sai suka tarar waɗansu halittu sun riga sun mamaye ko'ina, suka komo gida suka ƙare a hankali don rashin abin sa rai. Garin neman gira a ka rasa ido. Ceton da littafin ya kawo shi ne a rushe ƙungiyar masu ceton, a bar tarihi da haɗarinsa. Farashin kuwa ba ƙarami ba ne, domin su biyun sun tsaya a 1932, kuma wasiƙar da matar za ta aika Italiya ita za ta kai ga fashewar bom ɗin nukiliya a 1945. Shekara goma kacal bayan Hiroshima a ka buga wannan, mai karatu na lokacin ya san nauyin abin da a ka ɗora masa.

Game da kimiyyar kanta, magana kaɗan ta isa. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa agogon mai gudu ƙwarai ya kan yi jinkiri bisa na mai zama, an kuma tabbatar da haka a 1971 da agogunan atom da a ka zaga duniya da su a jiragen sama. Ke nan tsallakawa gaba tana da tushe. Komawa baya ba ta da wata shaida, ga kuma tsohuwar matsala: in mutum ya koma ya hana abin da ya sa shi tafiya, me zai sa ya tafi?

Gregory Benford, wanda shi kansa malamin kimiyyar fizik ne, ya fuskanci wannan matsala a Timescape, na 1980. Tsoron zamaninsa gurɓatar muhalli ne. A labarin, shekara ta 1998 ta zo teku na mutuwa saboda magungunan da a ka zuba, abinci ya yi ƙaranci. Ba mutumin da ya hau na'ura. Masana a Kambirij saƙo suka aika baya, ta wani ƙwayar abu da a ke zaton ya fi haske sauri, wanda har yau ba a gano shi ba. Saƙon ya faɗa cikin gwajin wani matashin malami a Kalifoniya a 1962, ya ɗauka hayaniya ce ta ɓata masa awo, ya sha wahala da manyansa kafin a yarda magana ce. An ji gargaɗin, an kauce wa bala'in, amma zamani ya rabu biyu kamar hanya. Duniyar da ta tsira wata ce dabam, su kuwa waɗanda suka aika saƙon suna nan cikin tasu, teku na ci gaba da ruɓewa.