Allurar Mota da Wayar Hannu, Wa Ya Fi Gaskiya?

'Yan'uwa manoma, allurar motar ƙungiya takan nuna 80, waya kuwa 75. Ga dalili. Allura juyawar taya take ƙirgawa, masu ƙira kuma sukan sa ta yi ɗan ƙari. Waya kuwa daga taurarin GPS take ji, wajen kilomita 20,000 a sama. A miƙaƙƙiyar hanya ta fi daidai, amma ƙarƙashin gadar Kawo takan rikice.

Abin tsoro, taya. In kun sa wadda ta fi ta asali girma saboda nauyin masara, allura za ta rage lissafi. Direba yana ganin 50 a titin Ali Akilu, alhali ya wuce doka. Ku gwada bayan canjin taya, yaron mota ya riƙe wayar.