Naira da sefa: me ya sa kuɗin akuyarka yake raguwa?

Mai karatu, idan kana noma ko kiwo a Yauri, kuɗi iri biyu ne suke yanke maka farashi: sefa da naira. Dalili shi ne yawancin wake da dabbobin da ke fita daga kasuwar Matameye Najeriya suke nufa, ta hanyar Daura da Mai'aduwa.

Sefa kuɗin ƙasashe 8 ne na Afirka ta Yamma. Bankinsu shi ne BCEAO, mai cibiya a Dakar. Tun 1999 an ɗaure sefa da yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 656, wato dala 131 da ɗoriya. Ita kuwa naira, a watan Yuni 2023 gwamnatin Najeriya ta bar kasuwa ta yanke darajarta. Kafin nan dalar Amurka 1 tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta wuce naira 1,500.

Ga yadda abin yake shafarka. Idan naira ta faɗi, ɗan kasuwar Kano yana buƙatar naira mai yawa kafin ya haɗa jikka guda. Saboda haka sai ya rage saye, ko ya taya akuyarka da araha. Amma wasu kayan da ake ƙerawa a Najeriya sukan yi maka sauƙi.

Shugabanni da masana suna muhawara a kan sefa. Wasu sun ce ɗaurin da aka yi mata yana hana tsada yin yawa. Wasu kuma sun ce ƙasa mai ƴanci ya kamata ta mallaki kuɗinta. Dattawa ba su manta da Janairu 1994 ba, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada.

Me za ka yi?

1. Ka tambayi farashin canji wurin mutum biyu ko uku kafin ka sayar.
2. Ka lissafa ribarka da sefa, bayan ka cire kuɗin mota da na canji.
3. Kada ka ajiye naira ta daɗe a hannunka lokacin da take faɗuwa.
4. Kada ka sayar da hatsinka duka da kaka. Ka ajiye wani a rumbu ko a bankin cimaka na garinku, domin lokacin bazara.