Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Wasan PS Ba Tare Da Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

A allon wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida za mu amsa tambayar da 'yan JSS 2 da JSS 3 suka fi yi mana, wato yaya ake ɗaukar bidiyon wasan ƙwallo na PlayStation, irin wanda muke gani a YouTube da TikTok.

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Duk ranar Litinin sai an yi musu a aji. Wannan ya ce ya ci wancan biyar da nema a gidan gem na Kawo, wancan ya ce ƙarya ce, hannun da aka ba shi ne ya lalace. Babu shaida, sai rantsuwa. Wasu kuma so suke su buɗe tasha tasu. Abin da ya dame mu shi ne mun ji akwai masu tara kuɗin tararsu, suna wuni da yunwa, wai don su sayi wata na'ura da ake kira kafcha kad, saboda an ce musu idan babu ita babu bidiyo. Wannan magana rabinta ne gaskiya. Komai ya dogara da irin PS ɗin da kake bugawa.

Mu fara da PS4, tunda ita muka fi gani a gidajen gem na Unguwar Dosa, Badarawa, Unguwar Shanu da Malali. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da ita a shekarar 2013, kuma tun daga kamfani aka saka mata abin ɗaukar bidiyo a cikinta. Ka duba hannun da kake bugawa da shi, wato pad. A sama ta hagu akwai ɗan ƙaramin maɓalli da aka rubuta SHARE a kansa. Mutane da yawa sun shekara suna bugawa ba su taɓa danna shi ba, sai dai bisa kuskure.

Idan ka danna shi sau biyu da sauri, ɗauka ta fara. Idan an tashi wasa ka sake danna shi sau biyu, ta tsaya kuma ta ajiye. Amma ga abin da ya fi burge mu. PS4 kullum tana riƙe da abin da ya wuce a wasan ko ba ka umarce ta ba. Ka ci wata ƙwallo mai kyau da Osimhen ba ka shirya ɗauka ba? Ka danna SHARE sau ɗaya, sannan ka danna maɓallin nan mai alamar kusurwa huɗu, sai ta ajiye maka mintunan da suka wuce. Yadda take zuwa daga kamfani minti 15 take riƙewa, amma ana iya rage shi zuwa daƙiƙa 30 ko a ƙara shi har minti 60. Shawararmu a sa minti 30, domin wasa mai minti shida kowane rabi, idan ka haɗa da canjin 'yan wasa da maimaita ƙwallo da bugun fenariti, yakan wuce minti 15. Sai ka ga farkon wasan ya yanke, kuma wataƙila a nan ne ka ci ƙwallon da ake musu a kai.

To bidiyo ya ajiyu a cikin PS ɗin mai gidan gem, yaya zai zo wayarka? Nan ne kaɗai za ka kashe kuɗi. Kana buƙatar filash, da kuma ɗan abin nan da ake kira OTG wanda ke haɗa filash da waya. Duka biyun ana samunsu wajen masu kayan waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello. Ka duba bakin cajin wayarka kafin ka saya, domin Type-C daban, tsohon baki daban. Filash ɗin dole tsarinsa ya zama FAT32 ko exFAT, in ba haka ba PS4 ba za ta gan shi ba. Ka soka shi a gaban PS ɗin, ka shiga inda aka rubuta Capture Gallery, ka zaɓi bidiyonka, ka danna OPTIONS, ka kwafe shi zuwa filash. Shi ke nan. Bidiyon zai fito a matakin 720p, wanda ya isa ƙwarai ga allon waya. PS4 Pro tana kaiwa 1080p. PS5 da ta fito a 2020 ita ma haka take, sai dai an canza wa maɓallin suna zuwa Create.

Amma fa PS ɗin ba taka ba ce. Kada ka soka komai a jikinta sai ka nemi izinin mai gida. Wasu masu gidajen gem suna tsoron filash, wasu kuma ba sa son bidiyo ya cika musu wurin ajiya. Ka gaishe shi, ka ce, "Yaya, don Allah zan kwafi bidiyon wasana, in na gama zan goge." Ka kuma goge ɗin da gaske. Lokacin kwafewa ma lokaci ne, idan akwai masu jiran layi ka bari sai an samu sarari.

Sai babbar matsalarmu ta Kaduna, wato wuta. Abin da PS4 take riƙewa ba a ajiye yake ba sai ka danna. Idan NEPA suka ɗauke kafin ka ajiye, ya tafi, ko da an tada janareta nan take. Saboda haka kada ka ce sai ka gama wasa uku za ka ajiye. Ana hura usur ɗin tashi, ka danna.

Yanzu ina amfanin kafcha kad? Amfaninta yana wajen tsofaffin na'urori, PS2 ta shekarar 2000 da PS3 ta 2006, waɗanda har yanzu akwai su a ƙananan shaguna domin sun fi arha. Su ba su da SHARE. Aikin kafcha kad shi ne ta tsaya tsakanin PS da kwamfuta, ta karɓi hoton da ke tafiya talabijin, ta miƙa wa kwamfuta ta kafar USB. A kwamfutar kuma ana sa wata manhaja ta kyauta mai suna OBS Studio, ita ke ɗauka. Kun ga kenan kad ɗin ita kaɗai ba ta yin komai. Wanda ba shi da kwamfuta ya sayi kad, kamar wanda ya sayi linzami ne babu doki.

Ko mai kwamfutar ma akwai tarko biyu a gabansa. Na farko, PS3 tana da wani makulli a kafar HDMI mai suna HDCP, wanda aka yi don hana kwafar finafinai, kuma ba a iya kashe shi. Ka haɗa komai daidai amma baƙin allo za ka gani. Masu ɗaukar PS3 sukan koma kebul ɗin nan mai kawuna biyar masu launi, wanda kuma sai kad ɗin da ke karɓarsa. A PS4 ana iya kashe makullin a cikin saiti. Na biyu, kad mai arha tana jinkirta hoto kaɗan. Idan da allon kwamfuta kake kallo, za ka danna shot bayan an riga an ƙwace maka ƙwallo. Maganinsa kad mai kafar HDMI biyu, shiga da fita, don ka ci gaba da kallon talabijin yadda ka saba.

Akwai kuma hanyar talaka, a saita waya a gaban talabijin. Ba laifi ba ce. A jingina wayar da littattafai ko a ɗaure ta a kujera, a kwance ba a tsaye ba, a kashe ƙwan da ke haska gilashin. Sai dai za a ji ƙarar janareta da ihun 'yan kallo, wani lokaci har da zagi, kuma fuskokin mutane sukan shiga. Ba daidai ba ne ka sa fuskar wani a intanet bai sani ba, musamman idan yana sanye da kayan makaranta. Malamai, mun san abin da kuke tunani a nan. Mu ma ba ma goyon bayan mai tsallake katanga ya tafi gidan gem lokacin darasi, ko masu sa kuɗi a kan wasa, domin wannan caca ce. Maganarmu ta Asabar da Lahadi da hutu ce.

Idan kana son muryarka ta fito kana sharhi da Hausa kamar masu sharhin ƙwallo a rediyo, ka soka iyafis mai makirfo a ƙasan hannun PS4, ka shiga saitin SHARE ka kunna wurin da ya ce a haɗa sautin makirfo. Ka kuma kashe waƙoƙin da ke tashi a cikin FIFA, ko FC kamar yadda ake kiran wasan tun 2023. Waƙoƙin suna da masu su, kuma YouTube tana iya gane su ta sa wa bidiyonka alama.

Kafin ka ɗora, ka yanke. Babu mai kallon minti 20 na wasanka, ko mu abokanka ba za mu kalla ba, ga shi kuma zai cinye ɗaruruwan megabait na datar gidanku. A cikin PS4 ɗin akwai wurin datse bidiyo, a waya kuma akwai irin su CapCut. Ƙwallaye da sakamakon ƙarshe sun isa, minti ɗaya ko biyu.

Ga masu cewa za su yi kuɗi da YouTube cikin wata ɗaya kuwa, ga dokar. YouTube da TikTok ba sa yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafinsa. Kafin YouTube ta fara ba ka kason kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 kuma an kalli bidiyonka na awa 4,000 cikin shekara guda. Ko ka kai hakan, asusun karɓar kuɗin sai mai shekara 18, wato dole Baba ko Mama su sani, kuma da sunansu za a buɗe.