Yadda ƙwayar cutar ƙurajen leɓe take hayayyafa

Jama'a, kun san ƙurajen nan masu ruwa da kan fito a leɓe bayan zazzaɓi. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda ido ba ya gani. Likitoci na kiran ta erpes. Danginta ɗaya da ƙwayar ƙarambau.

Wannan ƙwaya ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta shiga cikin ƴan mitsi-mitsin ɗakunan da suka haɗu suka zama fatar mutum. Tana ɗauke da wani dogon saƙo mai suna ADN, wanda ya yi kama da igiya mai tufka biyu. Haruffansa sun kai kimanin dubu 152. Kowace sabuwar ƙwaya sai ta samu nata saƙon, don haka tilas a kwafe shi.

Idan ta shiga ɗakin, sai ta tilasta masa ya ƙera mata sinadarai 7, su ne ma'aikatanta. Ɗaya ya nemo inda za a fara. Uku su warware igiyar, su aza harsashin rubutu. Ɗaya ya riƙe silin biyu kada su sake tufkewa. Ɗaya ya yi ta jera sababbin haruffa. Na bakwai ya riƙe mai jerawar kada ya zame. Cikin yini guda sai ƙwayoyi su yi yawa, ɗakin ya mutu, ƙurji ya fito.

Akwai magani mai suna asiklobir. Yana kama da harafi na gaskiya. Mai jerawa ya ɗauka ya saka, daga nan rubutu ya tsaya cik. Gertrude Elion, wata masaniya ƴar Amurka da aka samo maganin a wurin aikinta, ta sami kyautar Nobel a 1988.

Amma maganin ba ya aiki sai lokacin da ake kwafa. Shi ya sa ake so a fara shi da wuri. Ba ya kashe ƙwayar da ta ɓuya cikin jijiya, tana iya dawowa.

Kafson kasuwa ba ya maganin wannan cuta. Mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, don cutar na iya kashe shi. Idan ƙurji ya kusanci ido, a je asibiti ranar nan.