Famfon baƙin mai: tsufa ke kashe shi ko dauɗa?

A garajojin Maraɗi da Damagaram, da zarar jar fitilar nan mai siffar buta ta kama a gaban direba, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne famfo ya mutu, a sayo sabo. Mai mota ya kwance bakin aljihu, galibi ba a auna komi ba.

Alhali kuwa famfon baƙin mai yana cikin kayan mota masu nisan kwana. Kamfanoni ba su sa shi cikin jerin abubuwan da ake canzawa lokaci-lokaci kamar buji. An ƙera shi ne domin su tsufa tare da inji, kuma ba abin mamaki ba ne Peugeot 504 ko Toyota Hiace mai samun kulawa ta wuce kilomita 300.000 da famfonta na asali.

Aikinsa bai da wuyar ganewa. Ƙarafa ne biyu masu haƙora, inji ke juya su. Su tsotso mai daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ta cikin wata ƴar rariya, su tura shi matata, daga nan ya isa ga babbar sandar inji da ƙananan ƙarafan da take kwance a kansu, waɗanda makanikai ke kira kusine. To, a nan gizo ke saƙa: man yana ratsa famfo kafin ya kai matata. Duk ƙurar hunturu da ta shiga inji, duk garin ƙarfe da dauɗar man da ya wuce lokacin juyewa, famfo ke fara tauna su. Ɗan kasuwar da ke jinkirta juyen mai don tsimin ƴan jikkuna, ko yake sayen man da ba a san asalinsa ba a bakin tasha, shi ke rage wa famfonsa kwana. Ga kuma ɗanko da wasu ke laftawa a bakin kasko in an buɗe shi. Guntayensa su faɗa ciki su toshe rariya.

Sau da yawa ma famfon bai da laifi. Idan kusine suka cinye, mai na zurarewa ta gefensu, ƙarfinsa ya faɗi, fitila ta riƙa ƙyaftawa in inji ya yi zafi mota na tsaye. Wani lokaci ɗan abin da ke kunna fitilar ne ya lalace. Makanikin kirki yakan ɗaura agogon awon ƙarfin mai kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya. Wanda ya cire wayar fitilar don hankalin direba ya kwanta, ko ya zuba mai mai kauri ya rufe ciwon, wannan ba gyara ya yi ba.

Idan kuwa fitilar ta kama tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni, kada a ce bari a lallaɓa a kai gari. Inji marar mai ƴan mintoci ke isar shi ya ƙone. A faka, a kashe, a zaro sandar awo a duba.