Babur Mai Ƙarfin Doki 119 a Kan Hanyar Kagoro

Ƙarshen shekara ne lokacin da aka fi jin rurin manyan babura. Idan 'yan Kudancin Kaduna mazauna Abuja da Legas suka dawo gida Kirsimeti, suka tsaya bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ba a rasa wanda zai shigo Kafanchan a kan wani jibgegen babur mai faffaɗar taya, injinsa a fili, ƙararsa ta riga shi isowa. 'Yan acaba sukan kewaye shi, wannan ya shafa tanki, wancan ya tambayi giya nawa gare shi. Fawa-bayik suke kiransa, kuma da wuya a rasa wanda zai ce da za a ba shi makulli da ya nuna wa mai shi yadda ake tuƙi.

Irin wannan babur yana da tarihinsa. A shekarun 1980 matasan Ingila da suka faɗi da baburan tsere, kuɗin sayen sabuwar rigar roba ya gagare su, sai suka riƙa cire fasasshiyar, su ɗaura hannu mai tsayi, su ci gaba da hawa. Kamfanoni suka ga akwai kasuwa. A 1993 Ducati na Italiya ya fito da Monster, wanda Miguel Galluzzi ya zana, bayan shekara ɗaya Triumph na Ingila ya biyo da Speed Triple. Tsarin bai sauya ba har yau: inji mai ƙarfin na tsere, babu rigar da ke tare iska, mahayi kuma yana zaune kusan a miƙe.

Yamaha MT-09 misali ne mai kyau, domin kamfanin bai daina sabunta shi ba. An fara nuna shi a 2013 da inji mai silinda uku, cc 847. A 2021 aka ƙara injin zuwa cc 890, aka sake gangar jikin, a 2024 kuma aka sake masa fuska da yanayin zama. Ƙarfinsa na doki 119 ne, nauyinsa kilo 193 da mai a tanki, yana tashi daga tsaye ya kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Bajaj Boxer mai cc 100, wanda ke ɗaukar buhun citta daga ƙauyukan Kwoi zuwa kasuwa, ƙarfinsa bai wuce na doki 8 da 'yan kai ba. Wato MT-09 ya ninka shi kusan sau 14. Kuma a cikin danginsa shi matsakaici ne: KTM 1390 Super Duke R na 2024 yana da 190, Ducati Streetfighter V4 ya haura 200.

Abin da aka fi sabuntawa a 'yan shekarun nan shi ne ƙwaƙwalwar babur. Tun daga samfurin 2021, MT-09 yana ɗauke da wata 'yar na'ura da ke auna karkatarsa da motsinsa ta fuska shida, tana aika wa kwamfutar inji. Idan tayar baya ta fara sulɓi a kwana, kwamfutar ta rage wuta kafin mahayi ya ankara. Idan ya murɗa totur har tayar gaba ta ɗaga, ta sauke ta. Birkin ABS yana hana taya ƙullewa, har yana la'akari da ko babur a kwance yake cikin kwana. Ana kuma sauya giya ba tare da an kama kuloci ba. Duk wannan aiki ne na gaske, ya ceci mutane da yawa.

Sai dai na'urar jikin babur take aunawa, ba ta ganin hanya. Wanda ya saba bin Kafanchan zuwa Kagoro da Manchok, ko Gidan Waya, ko Zonkwa zuwa Kachia, ya san abin da ke jiransa: yashin da ruwan sama ya share ya zube a tsakiyar kwana, ramin da bai kai mako biyu da buɗewa ba, garken shanu, babbar mota da ta lalace aka jera ganye a bayanta, tudun rage gudu da mutanen gari suka gina ba fenti ba alama, da shingen jami'an tsaro. Damina a wannan yanki doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, da hunturu kuma hazo ya rage nisan gani. A gudun kilomita 100, babur yana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. A 200, mita 56 ne, kuma tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsaya ba ninki biyu take zama ba, ninki huɗu ne. Babu kwamfutar da ta iya soke wannan lissafi.

Shi ya sa masu ƙera su suke cewa na ƙwararru ne, kuma a nan ake samun ruɗani. Ɗan acaban da ya shekara goma a kan Boxer gwani ne, ba musu. Ya san laka, ya san lodi, ya san yadda ake ratsa kasuwa ranar cinta. Amma hannunsa ya saba murɗa totur har ƙarshe, domin ƙaramin inji sai da haka, ƙafarsa kuma ta saba dogara da birkin baya. A kan babban babur waɗannan ɗabi'u biyu su ne ajali. Murɗa kaɗan a giya ta ɗaya ya isa ya fizge shi daga ƙarƙashin mahayi, kuma mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, wanda ake matsawa da yatsu biyu a hankali. Wanda bai taɓa hawan komai ba, kuɗi kawai ya samu, nasa ya fi muni.

Turai ta ɗauki matakin hawa-hawa. Tun 2013 a ƙasashen Tarayyar Turai akwai lasisin A2, wanda ya taƙaita matashi ga babur da bai wuce ƙarfin doki 47 ba. Sai ya shekara biyu a kai, ko kuma ya kai shekara 24 a yawancin ƙasashen, sannan ya nemi na manya. A Najeriya lasisin babur aji ɗaya ne, ajin A, bai raba Jincheng da Ducati ba.

Ƙasar nan ta ga sakamakon gudu a gidan da ya fi kowane tsaro. A daren 26 ga Disamba 2017, Yusuf, ɗan shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, ya yi haɗari da babban babur a Gwarinpa, Abuja, ya samu rauni a kai da karaya. An yi masa aiki a asibitin Cedarcrest, daga baya aka fitar da shi waje. Shi ke nan a tsakiyar Abuja, mintuna kaɗan daga likitocin ƙwaƙwalwa. Wanda ya faɗi a bayan Manchok, tafiya ce a gabansa zuwa Kafanchan, kuma idan raunin na kai ne mai tsanani, galibi sai an ƙara gaba zuwa Jos, Kaduna ko Abuja.

Hular kwano kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan an sa ta daidai tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu 2009, an ga masu kifa ƙwarya da tukunya a kai don kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin. A kan babur mai irin wannan gudu, hular da ta rufe haɓa baki ɗaya ake buƙata, da jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya, da safar hannu, da takalmin da ya rufe idon sawu.

Ga kuma ɗawainiya. Yawancin waɗanda ke shigowa na hannu ne, kuma mai saye a Legas ba koyaushe yake sanin ko an taɓa faɗuwa da shi ba. Injin yana son fetur mai tsabta, ba ya jure na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka. Ba shi da kafireta da bakanike zai kwance ya hure; idan fitilar gargaɗi ta kunnu, sai mai kwamfuta. Tayarsa mai taushi ce don ta kama kwalta, saboda haka tana saurin cinyewa, sabuwa kuma sai an aika Abuja ko Legas. Tsakanin cikin MT-09 da ƙasa santimita 14 ne kacal, wanda ke nufin hanyar ƙauye mai kwazazzabo da Boxer ke bi kullum ta fi ƙarfinsa.

Masu son doguwar tafiya a hanyoyin Afirka sukan zaɓi wani abu dabam. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, ya ratsa Sahara, ya yi fiye da kilomita 12,000 cikin kwana 41. Honda CB500X ya hau, mai tsayi daga ƙasa, ƙarfinsa na doki 47.