Inshorar da ke cikin katin banki: abin da take biya wa matafiyi da abin da ba ta biya

Matafiya da yawa daga Yamai, Garwa ko Njamena kan sayi inshorar tafiya ba tare da sun duba ko katin bankinsu yana ɗauke da irinta ba. Wasu kuma kan dogara da katin, sai ciwo ya kama su a ƙasar waje su tarar da kariyar ba ta kai ba.

A tsarin bankunan Faransa, kariyar kati kashi biyu ce. Na farko shi ne agaji, wato “assistance”: kuɗin asibiti a waje da mayar da marar lafiya ko gawa gida. Wannan yakan yi aiki muddin katin bai ƙare ba. Na biyu shi ne inshora, wato “assurance”: soke tafiya, jinkirin jirgi, ɓatan kaya da lalacewar motar haya. Ba a samun wannan sai in da katin aka biya tikiti ko hayar motar. Wanda ya biya da tsabar kuɗi ko ta waya ya rasa shi.

Matsayin kati ne ke yanke yawan kuɗin. A Faransa, ƙaramin kati irin Visa Classic yakan tsaya kusa da yuro 11,000 na kuɗin asibiti, yayin da Visa Premier da Gold Mastercard kan kai yuro 155,000. Bizar Schengen kuwa tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kusan sefa miliyan 19 da dubu 700. Ke nan ƙaramin kati bai isa neman biza ba. Kariyar kuma yawanci ta kwana 90 na farkon tafiya ce, don haka ɗalibi ko ɗan kasuwar da zai daɗe sai ya nemi wata.

Game da motar haya, manyan katuna kan mayar wa mutum kason da kamfanin haya ke cirewa daga aljihunsa in motar ta lalace ko an sace ta, wato “franchise”. Kamfanin yakan cire kuɗin tukuna, daga baya mai katin ya kai takardu a biya shi. Katin ba ya biyan ɓarnar da direba ya yi wa wasu mutane ko dukiyarsu. Wannan na inshorar motar ne. Haka kuma ba ya maye gurbin “carte rose” da ake nema a kan iyakokin ƙasashen CEMAC, kamar tsakanin Kamaru da Cadi. Akan ware motocin alfarma da manyan motocin kaya, kuma sunan mai katin dole ya kasance a takardar haya.

Akwai wani tarko a wurin karɓar mota. Katunan da ake bayarwa a Turai suna ɗauke da kalmar “débit” ko “crédit”, kuma kamfanonin haya da dama ba sa karɓar ajiyar jingina sai da na “crédit”. Wanda ya zo da katin cire kuɗi ko wanda ake loda wa kuɗi yana iya komawa ba mota, ko a tilasta masa sayen inshorar kamfanin mai tsada.

Tambarin Visa ko Mastercard kaɗai ba ya tabbatar da komai, domin kowane banki da yarjejeniyarsa. Kafin tafiya, mai kati ya nemi takardar sharuɗɗa daga bankinsa, ya karɓi shaidar kariya mai ɗauke da sunansa da ranakun tafiya, ya kuma ajiye lambar wayar agaji. In rashin lafiya ta taso, a kira wannan lamba kafin a kashe kuɗi, don abin da aka biya ba da izininsu ba sau da yawa ba ya dawowa.